Yauri: Inda Hayaƙi Ke Ceton Kifi

Yauri tana bakin Kogin Kwara ne a Jihar Kebbi, inda ruwan Tafkin Kainji ya miƙo tun bayan kammala madatsar a 1968. Gari ne na masunta, Sarkawa da Gungawa da sauransu. Baƙo yakan je kallon kwale-kwale, amma mu da muka je hutun makaranta, wurin masu bandar kifi muka fi daɗewa.

A zafin Yauri, ɗanyen kifi ba ya kwana lafiya idan babu ƙanƙara. Tarwaɗa ko ƙarfasar da aka kamo da asuba, kafin dare ta soma wari, wahalar masunci ta tashi a banza. Banda ce ke hana wannan asara, har kifin ya yi makonni, ya isa kasuwannin nesa.

Kayan aikin ba su da tsada: murhun laka ko gangar ƙarfe da aka huda mata ƙofa a ƙasa, sai ragar waya a sama, da kwano ko jiƙaƙƙen buhun algarara na rufewa. Gwanintar tana wajen haɗa hayaƙin. Mun ga ana fara hura wuta da busasshen ice mai ƙarfi, irin ƙirya da marke, a bari ta zama garwashi. Daga nan sai a barbaɗa garin katako ko totuwar masara, a rage ƙofar iska. Idan iska ta yi yawa, wutar takan kama da harshe ta babbake fatar kifi, cikinsa kuwa ɗanye. Idan aka toshe ta gaba ɗaya, sai ta mutu. Tsakanin nan ake nema, inda ice ke ci a hankali yana fitar da siririn hayaƙi.

'Yan uwa ɗalibai, darasin kimiyya ne wannan a fili. Zafi yana busar da ruwan jikin kifi, ƙwayoyin cuta kuma ba sa yaɗuwa sai da danshi. Hayaƙin ma yana ɗauke da sinadaran da ke rage musu ƙarfi, su ne ke ba kifi ƙamshi da jan launi.

Amma ba kowane hayaƙi ake ci ba. Leda, roba, tsohuwar taya da katako mai fenti suna fitar da guba da ke maƙalewa a jikin kifi, ta bi miya zuwa cikin mutane. Masu aikin kuma, yawancinsu iyayenmu mata, suna fama da yajin ido da tari, ga icen da ke ƙara tsada saboda sare daji. Shi ya sa murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a wata unguwar masunta ta Accra a Ghana a 1969, ya karɓu: ana jera faifan raga da yawa bisa juna, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka, ice kaɗan ya wadatar.

Wanda zai gwada a gida, ya yi a fili tare da babba, kada ya yi cikin ɗaki. Ya wanke kifi, ya sa gishiri, ya bari ya tsane kafin ya ɗora, ya riƙa juyawa. Gangar da aka taɓa zuba mai ko maganin feshi kuwa, kada ta kusanci abinci.