Ranar Da Wata Yarinya Ta Ƙure Ni

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wani abu da ya same ni sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa bara. Na daɗe ina jin kunyar faɗarsa, amma na ga in na ɓoye, wani ma zai faɗa ramin da na faɗa.

An ba ni aji ɗaya na ƙaramar sakandare in koya musu Faransanci. Ran nan darasinmu wakilin suna ne, watau 'yan kalmomin nan da ke tsayawa a madadin suna, kamar ni, kai, shi. Na rubuta jimla biyu a allo: *Je le connais*, da *Je lui écris*. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, mutum ɗaya a ke nufi, me ya sa a nan *le*, a can kuwa *lui*?"

Na yi shiru. Gaskiya ni ma haddacewa na yi don in ci jarrabawa, ban taɓa tambayar dalili ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na daka mata tsawa, na ce haka Faransawa su ke faɗa. Ta sunkuyar da kai, har aka tashi ba wanda ya sake ɗaga hannu. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Da yamma na tafi wurin wani dattijo mai shayi a unguwar Hausawa, mutumin Maraɗi, wanda ya yi karatun boko da Faransanci. Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce, "Yaro, juya mini jimlolin nan da Hausa." Na ce, "Na san shi. Ina rubuta masa." Ya ce, "To, me ya sa ba ka ce ina rubuta shi ba?" Na ce, "Baba, ai in na faɗi haka, mutumin ya zama wasiƙa ke nan." Ya ce, "Madalla, ka amsa wa kanka."

Ashe abin da na ke nema a littafi yana bakina tun ina yaro. Wakilin suna yakan sake kama bisa ga aikin da ya ke yi a cikin jimla. In shi ne mai aikatawa, Bafaranshe ya ce *je, tu, il, elle*, mu kuwa na, ka, ya, ta. In aikin a kansa ya faɗa, sai *le, la, les*, watau shi, ta, su. In kuwa dominsa aka yi aikin, ko gare shi aka nufa, sai *lui* da *leur*, watau masa da musu. In ya tsaya shi kaɗai, sai *moi, toi, lui*: *C'est moi*, ni ne. Har *on* ɗinsu muna da shi, gama *On mange* daidai ya ke da ana ci.

Amma dattijon ya ja mini kunne a kan wurare uku da harsunan suka rabu. Na ɗaya, mu mukan sa shi da masa bayan aikatau, su kuwa kafin aikatau su ke sa nasu, sai fa in umurni a ke bayarwa, kamar *Écris-lui*, rubuta masa. Na biyu, mu mun raba masa da mata, su kuwa *lui* ɗin nan ya ɗauke duka biyun, kamar yadda *tu* ya haɗa ka da ki. Na uku, mu mukan ce na ba shi, su kuwa *Je lui donne* su ke cewa. Wanda ya rikice a nan, sai ya gwada da miƙa: miƙa masa a ke yi.

Wanshekare da na shiga aji, na kira yarinyar nan, na ce jiya ta yi tambaya mai kyau, ni ne ban san amsa ba. Lalle maganar ta yi mini nauyi a baki. Sa'an nan na bayyana musu yadda abin ya ke. Ajin yawancinsu Yarbawa ne, sai wani yaro ya ce ai su ma suna raba *mo* da *mi*, watau mai aikatawa da wanda aiki ya faɗa wa. Kafin a buga ƙararrawa hannuwa sun cika aji.

Saboda haka, 'yan'uwa, in yaro ya ƙure ku, kada ku rufe masa baki da tsawa. Ku ce za ku bincika, ku fara kuma da harshen da kuka sha a nono. Allah ya sa mu zama malamai na ƙwarai, amin.