Tambayar da na hana a yi

A shekarar da na fara koyarwa, a wani ƙauye kusa da Tasawa, na zo aji da buhun dabino don in nuna wa yara yadda ake rabawa. Dabino 12 sun rabu daidai tsakanin yara 2, 3, 4 ko 6. Da muka kai 13 sai rabo ya ƙi: ko yaro guda ya kwashe duka, ko yara 13 kowa ya sami ɗaya. Na ce musu irin waɗannan lambobi, su 2, 3, 5, 7, 11 da 13, su ne lambobin tushe.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: «Mushe, wace ce ta ƙarshe a cikinsu?» Ban san amsa ba. Kunya ta hana ni faɗin haka, sai na daka mata tsawa. Har ƙarshen shekara ba ta ƙara buɗe baki ba.

Sai daga baya na gano cewa Uƙlidis, malamin lissafi na Iskandariya a ƙasar Masar, ya amsa wannan tambaya tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya nuna ba su da ta ƙarshe. Ka tara lambobin tushe duk yawan da kake so, ka ninka su da juna, ka ƙara 1. Misali, 2 × 3 × 5 + 1 = 31. Ko da wace daga cikin ukun ka raba 31, ɗaya zai rage. Ke nan sabuwar lambar ko ita kanta ta tushe ce, ko kuwa wata lambar tushe da ba ta cikin tarinka ce ke raba ta. Haka 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1 ke ba da 30031, wato 59 × 509. Kowace hanya aka bi, tarinka bai cika ba.

A 2024 an gano wata lambar tushe mai alƙaluma fiye da miliyan 41, ita ma akwai na gaba da ita.

Wannan hujja ba ta wuce rabin allo ba, kuma yarinyar nan da ta fahimce ta. Yau idan ɗalibi ya tambaye ni abin da ban sani ba, ina ce masa: «Ban sani ba, amma gobe za mu duba tare.» Ita kuwa ban sami damar roƙonta gafara ba.