Daren Jaz da Makaɗan da Muka Bari a Baya

Ya 'yan'uwana mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni.

Duk wanda ya bi Titin Gidan Zu da almuru ya ji yadda sautin fiyano ke tashi daga ɗakunan ɗaukar waƙa, ko kuwa ya halarci biki a ɗakunan taron da suka yawaita a unguwanninmu, inda yaro guda da kwamfutarsa yake wadatar da ɗaruruwan jama'a, zai shaida cewa kiɗa bai taɓa yawa a Kano kamar yau ba, alhali kuwa makaɗin da za ka zauna gabansa, ka ga yatsunsa, ka ji numfashinsa, ya yi ƙaranci ainun.

Kiɗan nan da ake kira jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwashe daga nahiyarmu, suka ƙaga a birnin Niyu Olins a farkon ƙarni na 20, asasinsa shi ne a ɗauko kari sananne, mai busa ya tafi da shi inda zuciyarsa ta kai shi, mai ganga ya amsa masa, sauran kuma su kasa kunne har a komo gida tare, ta yadda abin da aka ji a daren nan ba za a sake jin irinsa ba har abada. A ƙasashensu galibi a mashaya ake yin sa, shi ya sa mutanenmu suke ƙyamarsa, musamman tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a shekarar 2000. Amma giya ba rukuni ba ce daga rukunansa. Yusef Lateef, wanda ya kasance Musulmi kuma ɗaya daga cikin manyan masu busa na Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana nazarin sarewar Fulani, domin ya fahimci cewa akwai ilmi a cikin karan da makiyayi yake busawa a bayan shanunsa.

Mu kuwa wannan fanni ba baƙo ba ne a gare mu. Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 1999 a Asibitin Malam Aminu Kano, nan bakin Titin Zariya, yakan tsaya gaban jama'a ya ƙirƙiri baiti nan take, masu kalangu suna bin muryarsa sau da ƙafa, 'yan amshi suna jiran ishararsa. Haka Garba Supa da Ahmadu Doka, kowa da kukumarsa. Bala Miller ma a Kaduna ya haɗa ƙahonin Turawa da waƙar Hausa, aka ji daɗi. Abin da yake damuna, kuma yana damuna ƙwarai, shi ne 'ya'yan waɗannan gidaje na kiɗa suna barin sana'ar kakanninsu, saboda na'ura ta fi su araha.

Na san akwai saɓanin malamai game da kiɗa, kuma ina girmama wanda ya kame kansa saboda tsantseni. Sai dai Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya keɓe wa sauraro babi guda, inda ya nuna cewa ana lura da lokaci da wuri da kuma abokan zama. Idan waɗannan uku suka gyaru, to mafi yawan abin da ake tsoro ya kau.

Saboda haka ina roƙon masu lambuna da ɗakunan taro na Tarauni su ware dare ɗaya a wata, bayan sallar isha'i, a shimfiɗa tabarmi, a kawo shayi da zoɓo da balangu, a zaunar da mai sarewa kusa da mai jita, mai kalangu kusa da mai ƙaho, a biya su haƙƙinsu cikin mutunci, a tashi kafin dare ya raba. Wanda ya san wani mai goge ko mai kukuma da ya rage a unguwarsu, don Allah ya sanar da mu, mu je mu gaishe shi, mu ji ko zai amsa gayyata.