Hannun da Yake Saƙa Jar Dara: Ziyara Zuwa Tunis da Ariyana



Daga Damagaram zuwa Maraɗi, daga Kano zuwa Garwa, da wuya a sami gidan da ba a san jar dara ba. Ita ce hular da dattijo yake adanawa a ƙasan akwati sai Juma'a ko ranar salla, kuma a kanta ake naɗa rawani. Amma da za a tambayi mutane da me ake yin ta, da yawa za su ce wani ƙyalle ne mai kauri da ake yankawa a ɗinka. Alhali kuwa saƙa ce, da zare da allura, irin wadda matanmu suke yi wa jarirai idan hunturu ya gabato. Ba kowace dara ba ce take fitowa daga wuri ɗaya. Akwai ta inji, wadda garin Strakonice na ƙasar Cek ya yi suna a kanta. Amma ta hannu, gidanta birnin Tunis, inda ake kiranta shashiya, ake kiran mai yin ta shawwashi.

Jinyar wani ɗan'uwa ce ta kai mu Tunis a ƙarshen shekarar 2024, mata uku da namiji ɗaya. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙasar waje ya san tsawon yininta. Da majinyacin ya fara samun sauƙi, sai muka riƙa ɗaukar hantsi muna shiga tsohon gari.

Ana shiga ne ta ƙofar Bab Bahar, wato Ƙofar Teku, a bi wani siririn lungu da yake hawa sannu a hankali har masallacin Zaituna, wanda ya haura shekara dubu da ɗari. Magabata sun tsara kasuwannin da hikima: sana'o'i masu tsabta, kamar turare da littattafai da tufafi, su ne kusa da masallaci, maƙera da majema, masu ƙara da wari, an kai su can gefen gari. A 1979 hukumar UNESCO ta sa wannan tsohon gari cikin kayan tarihin duniya. Daga bayan masallacin, wajen unguwar Kasba, nan ne kasuwar masu hula, rufaffiya da ginin dutse mai baka, wadda Muhammad Bey al-Muradi ya gina a tsakanin 1691 da 1692. Sana'ar ta bunƙasa ne a hannun Musulmin Andalus da sarkin Sifen ya kora daga 1609, waɗanda dubun dubatarsu suka sauka Tunis a zamanin Usman Dey. Daga nan hular ta bi ayarin raƙuma ta Tarabulus da Gadamas da Agadas. Bature Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa jajayen huluna cikin kayan da fatake suke kawowa daga arewa.

Yau kasuwar ta yi shiru. Ƙofofin katako masu sassaƙa suna nan, amma da yawa a kulle, wasu kuma sun koma wuraren shan gahawa, inda samari suke zaune kansu babu hula. A ɗaya daga cikin shagunan da suka rage, wani dattijo ya ji muna Hausa, ya tambaye mu da Faransanci ko daga Nijar muke. Da muka amsa, ya miƙe ya kawo mana kujeru. Ya ce mutanen ƙasarsu sun bar wa tsofaffi da limamai da angwaye hular, mafi yawan abin da ake yi waje yake fita, zuwa Libiya da Aljeriya da Nijar da Najeriya. Tarabulus baƙa take so, mu kuma ja.

Sa'an nan ya jawo wani abu fari daga cikin buhu ya shimfiɗa mana. Kamar jakar da ake zuba gyaɗa, sakwa-sakwa, ana hango hannu ta cikinsa. Ya ce wannan ita ce dara kafin ta zama dara, sunanta kabbus. Daga hannun masaƙiya ake kai ta al-Battan, wani gari a bakin kogin Majarda kusa da Taburba, inda akwai gada mai madatsa tun ƙarni na 17. Can ake jiƙa ta da ruwan zafi da sabulu a yi ta bugu har gashin ya cuɗe, ta tsuke ta koma daidai kai. Sai a taje ta da busasshen kan wani tsiro mai ƙaya da ake nomawa a al-Aliya, a rina ta, a ɗora ta bisa ƙirar yumɓu ta bushe, a danne ta a matsewar katako, a ɗinka mata alamar mai shago. A da, Zagwan ake kai ta rini saboda kyan ruwan duwatsun garin, kuma daga wani ɗan busasshen ƙwaro ake samun jan. Muka juya hular da aka gama, ciki da waje, muna neman sawun allura. Babu ko ɗaya. Bugu ya haɗiye saƙar gaba ɗaya.

Wannan ne ya sa muka roƙe shi ya haɗa mu da ɗaya daga cikin matan da suke yi masa saƙa. Ya yi jim, ya ce ba a taɓa roƙonsa haka ba, baƙi hoton shago suke so. Ya buga waya, aka ba mu rana.

Ariyana tana arewa da Tunis, gari ne da ya shahara da furen wardi, amma yanzu gine-gine sun haɗe shi da babban birni har ba a gane iyaka. Koren jirgin ƙasa na cikin gari, layi na 2, shi ya kai mu. Matan wannan gari sun daɗe da suna a saƙar kabbus. Namijinmu ya zauna a ɗakin baƙi da ɗan mai gidan, mu kuma aka shigar da mu tsakar gida. Dattijuwa ce da ta ba sittin baya, gajera, da tabarau mai kauri. Mutanen can suna ce wa irinta khalti, wato ƙanwar uwa, mu kuma muka ce mata Inna, ita tana ce mana ƴaƴana. Jikarta ce take fassara mana inda Larabcinmu ya gaza.

Ba ta ajiye aikin don zuwanmu ba. Allurai biyar ne dogaye, huɗu suna riƙe da saƙar a zagaye, ta biyar tana yawo a tsakaninsu, don haka hular take fita babu ɗinki. Zaren na gashin tumaki ne zalla, fari, da ɗan maiƙo da ƙanshin dabba. Ba a ƙasar ake samun irinsa ba: a da daga Sifen ake kawo shi, daga baya Ostareliya. Idonta yana kanmu, ko kan talabijin, ko kan tukunyar da take wuta, hannun kuwa yana tafiya shi kaɗai. Ta ce tana da shekara tara uwarta ta ɗora mata allura, ita ma uwar haka aka yi mata.

Yininta a tsare yake. Bayan asuba ta aiki yaro ya sayo burodi, ta sallami jikoki zuwa makaranta, ta zauna da zare har azahar. Da la'asar maƙwabta biyu ko uku sukan shigo da nasu, a dafa shayi da na'a-na'a, a yi hira. A da, in ji ta, tsakar gidan nan ba ta ɗaukar su. Da bazara zaren yana manne wa hannu saboda gumi, da sanyi kuma yatsu suna ƙagewa sai ta gasa su a bakin kaskon gawayi. Da dozin ake biya. Tana budurwa kwana biyu ya ishe ta dozin, yanzu sai huɗu. Ba ta faɗa mana adadi ba, mu ma kunya ta hana mu matsawa, amma ta ce kuɗin dozin ɗinta bai wuce na hula ɗaya ko biyu a shago ba. Ɗaya daga cikinmu ta ce a ƙasarmu akan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da aka fassara mata, ta yi dariya har ta cire tabarau, amma ba ta yarda ba. Ta ce kada mu ɗora wa mai shago laifi, domin shi ma da kuɗin waje yake sayen gashin, kuma hannu nawa ne hular take bi kafin ta kai kan mai ita? Mun ji hujjarta. Duk da haka, a ganinmu, rabon bai yi daidai ba, tun da aikinta shi ne mafi cin lokaci, kuma alamar wani ce a jikin hular.

Inna mai ra'ayi ce, ba ta kuma ɓoye shi. Wata daga cikinmu, wadda take koyar da saƙa a Maraɗi, ta fito da hular jariri da ta yi da kwarashi. Inna ta yaba tsarin, sa'an nan ta murza zaren a yatsa ta yamutse fuska. Ta ce wannan zaren roba ne, ko shekara za a yi ana dafa shi ba zai cuɗe ba, kuma yaro zufa zai yi a ciki ba ɗumi ba. Muka ce shi ne a kasuwarmu, shi ne kuma daidai aljihun uwa. Ta ce to, an yafe. Game da huluna masu launin shuɗi da ruwan hoda da ake yi wa ƴan mata da masu yawon buɗe ido, ta ce da farko abin ya ba ta haushi, amma fari take saƙawa, abin da marina suka yi daga baya tsakaninsu da Allah. Abin da ba ta yafewa shi ne saƙar gaggawa. Ta ce sabuwar masaƙiya takan ɗauka tun da bugu zai rufe kome, ba a ganin aibu. Ƙarya ne. Inda aka matse zare, wurin zai fito da tauri. Inda aka sake shi da yawa, zai fito da rauni, bayan shekara biyu nan hular za ta fara lotsawa a kan mai ita, can wata ƙasa, ba tare da ya san dalili ba.

Sai da aka sake zuba shayi ta shiga labarin wahalhalunta, a hankali, kamar tana ba da labarin wata. Mai gidanta ya rasu a 2010. Shekara ta zagayo, 2011, aka yi juyin da ya kori shugaba Ben Ali a watan Janairu, wata ɗaya bayan haka yaƙi ya ɓarke a Libiya. Hanya ta rufe, mai shago ya daina aiko da zare wata da watanni. A lokacin ta sayar da awarwaron aurenta. Wata shekara kuma asu ya shiga buhun da ta gama, ya huda kusan rabi, aka cire kuɗin zaren daga ladanta. Tun daga ranar ba ta barin aiki ya kwana uku a ɗaki. A 2020 annobar korona ta kulle kasuwa. A 2023 aiki ya sake ja da baya, aka ce mata kuɗin Najeriya ya faɗi, an kuma rufe iyaka tsakaninta da Nijar. Nan muka kalli juna. Wannan rufe iyaka da ya tsayar da motocin kaya a Ɗan Isa da Birnin Ƙonni, ya tsananta tsadar abinci a gidajenmu, ashe ya iso har tsakar gidan wata gwauruwa a bakin Bahar Rum, wadda ba ta iya nuna Nijar a taswira.

Jikinta ma ya karɓi rabonsa. Wuyan hannun dama yana tashinta da dare, likita ya ce ta huta, ta ce masa ya rubuta wa mai burodi haka. Da yanar ido ta rufe mata ido ɗaya aka yi mata aiki, kwana uku ta koma ga allura da bandeji a fuska, domin dama ba da ido take yi ba. Ba ta da fansho, tun da aikin gida ne babu takarda. Shi ya sa, in ji ta, ba ta ga laifin ƴarta ba da ta ƙi koyo, ta tafi aikin amsa wayar abokan cinikin kamfanonin Faransa, inda ake biya a ƙarshen wata. Jikar da take mana fassara ta iya, amma ta ce sai dai don nishaɗi. Inna ba ta ce kome ba a kan wannan, ta dai juya allura.

Ita ma ta yi mana tambaya: yaya mutanen ƙasar zafi suke ɗora gashin tumaki a ka? Muka nuna mata hoton hawan salla a Damagaram a cikin waya, dawaki da rawuna da jajayen huluna jere. Ta riƙe wayar kusa da idonta mai lafiya, ta sa a maimaita mata har sau uku. A nan ne kawai muka ga hannunta ya tsaya.

Da za mu tafi muka nemi ta sayar mana da kabbus ɗaya mu kai gida. Ta ƙi. Ta ce zaren an auna mata shi ne, a sikeli kuma za a karɓa, ba nata ba ne balle ta bayar. Ta cika mana leda da busasshen wardi a maimakonsa. Washegari muka koma wurin dattijon mai shago, ya sayar mana da fara ɗaya da ja ɗaya, yana mamakin abin da za mu yi da wadda ba a gama ba.

A Maraɗi muka ajiye su biyu a gaban dattawan gidanmu bayan sallar isha'i, muka ce abu ɗaya ne. Babu wanda ya yarda. Wani kawunmu, wanda ya shekara arba'in yana sa dara, ya ɗauki farar ya kifa a kansa don ya ƙaryata mu, ta zarce ta rufe masa fuska har haɓa.