Bunkure: Inda Rani Ba Ya Hana Dankali Yaɗo

Yau tafiyarmu ba mai nisa ba ce. Nan ƙasar Bunkure za mu leƙa, mu ga yadda ake noma da tsakar rani, mu kuma ɗauko dabarar dankali mu kawo ta tsakar gidajenmu.

Idan kika baro Kano ta Na'ibawa kika miƙi titin Zariya, kina tsallake gadar Tamburawa za ki ji iska ta canza. Kafin ki kai Kura sai ki karya kwana a Karfi, ki kama hanyar Rano. Ke dai 'yar uwa, tubarkalla! A watan da ƙura ta turnuƙe birni, nan kore ne shar, dama da hagu: shinkafa, alkama, masara, tumatir, albasa, ga kunyoyin dankali a tsakaninsu sun rufe ƙasa ruf da ganye.

To ina sirrin yake? Ruwan Tiga ne. A zamanin Gwamna Audu Bako aka tare Kogin Kano aka gina wannan dam, aka kammala shi a 1974. Daga can ruwan yake gangarowa ta babban kanal ba tare da inji ba, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya shiga gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Kafin wannan aiki, da an gama kaka sai samari su tafi ci-rani. Yanzu kuwa wasu ne ke zuwa nan neman aiki, mata ma ba a bar su a baya ba, daga masu tsinkar tumatir sai masu turara shinkafa. Amma fa kada sanyin ruwan ya ruɗe ki ki ce za ki shiga. Ruwan kanal yana ɗauke da tsargiya.

Mu koma kan dankalinmu. Na Turawa ɗan hutu ne, sanyi yake so, shi ya sa gidansa yake can Filato, wajen Bokkos da Mangu. Na Hausa kuwa, wanda wasu ke kira kudaku, ɗan gida ne, bai damu da zafinmu ba. Ba 'ya'yansa ake shukawa ba, reshensa ake yanka, a binne fiye da rabinsa a kan kunya. Manomin Bunkure zai sako ruwa ya bi kwarin kunyar, da ta jiƙa ya toshe. Ba ya barin ruwa ya kwanta, don dankali yana ƙin lumtsuma. Wata uku zuwa huɗu sai a ɗauki fartanya.

Kin ga ke nan ba yawan ruwa ne ke yin dankali ba, sanin gwargwado ne. Wannan kuwa ba sai mai gona ba. Nemi tsohon buhun shinkafa, ki huhhuda gindinsa. Haɗa ƙasa mai yashi-yashi da kashin awaki wanda ya riga ya ruɓe, ki cika shi, ki ajiye inda rana ke bugawa sosai. In ba ki sami reshe ba, binne lafiyayyen dankali guda ɗaya, ki riƙa yayyafa masa ruwa. Zai fito da tsiro da yawa, in sun yi tsawo ki yanka ki dasa biyu ko uku a kowane buhu. Makon farko kullum ki ba shi ruwa, daga nan sai kin ga saman ƙasar ya bushe. Ruwan alwala ko na wankin shinkafa ya isa, ban da na omo. Kada ki cika masa takin zamani, ganye zai yi ta zubawa ya bar ki da saiwa kamar tsinke. In kin ga ƙasar ta tsage, maza ki rufe, don ta nan ƙwaro yake shiga ya huda shi ya sa masa ɗaci. Sai kuma awaki, a kafa musu ido, ba sa ganin ganyen nan su ƙyale.

Ranar da ganye ya fara ja da baya yana yin rawaya, dakatar da ruwa na 'yan kwanaki, sannan ki farke buhun ki tsince da hannu. Kada ki wanke, shanya shi a inuwa kamar mako guda, fatarsa za ta yi ƙwari, zaƙinsa ya ƙaru.

Kada ki raina abin, ƙanwata. Da yayyafi kogi kan cika. A wannan tsadar, buhu huɗu a bayan ɗaki karin kumallo ne: a dafa a ci da ƙuli-ƙuli da yaji, ko a soya a haɗa da ƙosai. In an busar an daka, shi ne zaƙin kunun zaƙi, ɗanyen ganyensa kuma ya shiga miya. In Allah ya sa kin dace da irin nan mai ciki ruwan lemo, riƙe shi da kyau, yana da sinadarin bitamin A mai kare idon yara. Rarar kuma ki sayar wa maƙwabta ki sayi littafin rubutu, ba sai kin tsaya jiran hannun saurayi ba. Ai kowa ya san abin hannun mutane ba ya zuwa shi kaɗai.

Ranar girbi dai kada ki manta ki ware reshen da za ki sake dasawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.