Hanyar Gwanja da Amanar Fatake

Ran nan ina cikin koyar da tarihi, sai na tambayi yarana, na ce, "Me ya buɗe wa ƙasarmu hanyar ciniki da sauran duniya?" Wani yaro mai kaifin hankali ya miƙe, ya ce, "Malam, jirgin ƙasa ne, da ya iso Kano cikin 1911." Ban yi masa faɗa ba, gama laifin nawa ne. Na sha koya musu labarin ƙasashen nesa, amma ban taɓa ba su labarin da kakata ta ba ni ba. Shi ne nake so in biya yau.

Tun kafin a san ƙarfen jirgi, manyan hanyoyi sun haɗu a kasuwar Kurmi. Ta arewa ita ce hanyar raƙuma, wadda ta bi ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus, a bakin bahar. Buzaye kuma suna kawo gishiri daga Bilma. Baturen nan Barth, da ya zo Kano cikin 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kada kuma mu ɓoye abin kunya: a kan hanyar nan an kora bayi masu yawa, waɗansu ƙishirwa ta kashe su cikin rairayi.

Amma hanyar gidanmu ita ce ta yamma, watau hanyar Gwanja, inda ake sayo goro. Fatake sukan ɗora wa jakuna kanwa da fatu da baƙaƙen riguna, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, har su sauka Salaga, cikin ƙasar da ake kira Gana yanzu. Zuwa da komowa yakan ci watanni da yawa. Ayari kuwa da tsarinsa. Madugu shi ne uban tafiya. Jagaba yakan wuce gaba, ya duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki shi ke tara kuɗin fito da za a ba sarakunan hanya. Inda duk aka yada zango, a kwana a tashi sai ya zama unguwa. Don haka har wa yau ake kiran unguwannin baƙi a Gana Zango.

To, kakan kakata yana cikin fataken nan. Ta ce wata shekara ya tafi, ya sayi goronsa lafiya, a kan hanyar komowa ciwon ciki ya kama shi, ya rasu a Bargu. Ba takarda, ba shaida daga gida. Da madugu ya so, sai ya ce 'yan fashi sun kwashe kayan, wa zai ƙaryata shi? Amma bai yi haka ba. Ya sa aka riƙa kwance huhunan mamacin ana yayyafa musu ruwa, ana tsince ruɓaɓɓu, kamar nasa. Da suka iso ya sayar, ya zo ƙofar gida ya yi ta'aziyya, ya ƙirga wa magada kuɗinsu, ko wuri bai ɓace ba. Da kuɗin nan aka yi renon marayu, cikinsu har da uban kakata. Ashe ni kaina da nake tsaye gaban allo, albarkacin amanar wani mutum nake ci, wanda ko sunansa ba a riƙe ba.

Hanyar nan ta mutu. Yaƙin basasa ya rushe Salaga cikin 1892, daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Jirgi ya rage wahala, ba shakka, amma hanya ya tarar, ba shi ya fara ta ba.

Ya ku 'yan makaranta, yawancinku za ku riƙe dukiyar jama'a a ofis ko a kanti, inda ba mai ganinku sai Allah. Ran nan ku tuna da madugun nan. Kafin nan kuwa, in an yi hutu, kowa ya zauna gaban tsofaffin gidansu da fensir da takarda, ya tambaye su hanyar da kakanninsa suka bi, tun suna da rai. Na riga na sa yarana wannan aiki. Allah ya sa mu gaji amanar magabata, amin.