Awon Malmala

Bahaushe ba baƙon awo ba ne. Da mudu yake sayen gero, da tiya yake sayar da shinkafa, da kamu yake yanka yadi, kuma idan azumi ya zo ƙarshe ba ya fitar da zakkar fid-da-kai sai ya ciko mudun Annabi sau huɗu a kan kowane rai da ke ƙarƙashinsa. Har cefanen da maigida ke fitarwa kullum sunansa awo. Sai dai duk wannan lissafi a bakin tukunya yake tsayawa. Abin da zai shiga tukunya ana auna shi, amma abin da zai fito daga cikinta ya shiga bakin mutum ba a auna shi, domin a wurinmu babu zargin da ya kai a ce wance tana ƙirga wa mutane loma. Wanda aka yi wa wannan shaida ya zama marowaci ke nan, ko da kuwa lomar kansa yake ƙirgawa.

Ina da shekara 43 lokacin da aka umarce ni da in ƙetare wannan iyaka. Ciwon gwiwa ne ya kai ni asibiti, ina sa ran a ba ni abin shafawa in dawo gida, sai likita ta sa na hau sikeli, ta auna tsawona, ta kuma ce in dawo washegari ba tare da na karya ba. Nauyina kilo 94, tsawona mita 1.60. Ta nuna mini yadda ake lissafin: a ninka tsawo da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Nawa ya ba da kusan 37, alhali a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 kuwa an shiga teɓa. Sukarin jinina da safe ya nuna 118. Ta ce 126 ne bakin ƙofar ciwon suga, ni kuma ina tsaye a zaure. Ban buƙaci ta fassara mini abin da ke cikin gidan ba. Na yi jinyar mahaifina shekara biyu, na ga yadda ƙaramin gyambo a ɗan yatsa ya ƙi warkewa har ya tafi da ƙafar, daga baya ya tafi da mai ƙafar.

Abin da aka nema daga gare ni bai yi kama da abu mai wuya ba a kan takarda. A rage kashi 7 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo shida da ɗoriya, a kuma yi tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako. Daga baya na karanta cewa wannan shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi a wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002, inda aka ga waɗanda suka bi shi sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba ƙwaya. Sai kuma dokar faranti: rabinsa ganye, rubu'i kifi ko nama ko wake, ragowar rubu'in shi ne na tuwo ko shinkafa. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan doka ta kifar da farantinmu ne baki ɗaya, domin a wurinmu tuwo ne abinci, miya mai rakiya ce, nama kuwa baƙo ne da ake ajiye wa wuri a gefe sai an gama a gaisa da shi.

Na sayo ƙaramin sikelin kicin mai batir, na ajiye shi kusa da turmi, na fara auna abin da na shekara arba'in ina ci da ido. Malmalar tuwon shinkafar gidanmu, wadda muke kwasa da babbar mara, ta haura giram 400, kuma sau da yawa ɗaya da rabi nake ci. An ƙayyade mini 150. Ranar farko da na ɗora wannan ɗan dunƙule a faranti sai da na yi dariya ni kaɗai, don bai fi abin da ake ba yaron da aka yaye ba. Amma ba tuwo ne ya fi ba ni mamaki ba, mai ne. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na hatsi kuwa 4, ke nan cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. Mu kuwa ba da cokali muke zuba mai ba, kwalbar muke karkatawa har sai ya taso saman miya ya yi ja, saboda miyar da ba ta yi haka ba ana cewa ta marayu ce. Haka sukari. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da fiye da ƙaramin cokali goma, kusan duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya sha a yini guda, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ina iya shan biyu kafin la'asar. Harajin naira 10 a kan kowace lita da gwamnati ta sa wa irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021 bai taɓa hana ni buɗe firji ba.

Fura ce ta fi yi mini ciwo. Basakkwace yana iya yafe shinkafa, amma hura, kamar yadda muke kiranta, ita ce abincin rana, ita ce ruwan baƙo, ita ce abin da mai jego da tsoho da mai azumi suke jira. Ba a hana ni ita ba, an dai ce rabin dunƙule, da nono marar sukari, a kofi ɗaya. Wanda ya saba zama gaban ƙwarya da ludayi har sai ya ji cikinsa ya yi sanyi shi kaɗai zai gane abin da kofi ɗaya ke nufi.

Makonni uku na farko yunwa ce zalla. Bayan magariba, idan iska ta kaɗo daga bakin titin Sama Road, har tsakar gidanmu take kawo ƙamshin tsire da balangu da na masar da ake toyawa, ni kuma ina zaune gaban kwaɗon zogale da aka ƙirga wa ƙuli-ƙuli. 'Ya'yana suka sa mini waƙar tsiya, wai Mama na cin rama don ta rame. Da asuba nakan fita da hijabina in bi gefen titi ƙarƙashin dogon yaro, minti talatin, kafin rana ta fito da fushinta. Wannan duka jiki ya saba da shi a hankali, har na daina farkawa tsakar dare ina tunanin ɗumame.

Abin da ban saba da shi ba shi ne zama ni kaɗai. A gidanmu tire ɗaya mata ke ci: ni, da surukata da muke kira Inna, da 'yan matana biyu, da duk wadda Allah ya kawo a lokacin. Maza kuma suna ciyayya a ƙofar gida da maƙwabta. A tire babu rabon kowa, akwai dai gaban kowa, kuma a nan ne uwa ke tura wa 'yarta tsoka ba tare da ta ce komai ba, a nan ake gane wadda ke fushi da wadda ba ta da lafiya. Sikeli ba ya aiki a tire. Don haka na koma cin nawa a ƙaramin faranti, a kan kujera, su kuma suna kan tabarma. Inna ta yi kwana huɗu ba ta tanka ba. A na biyar ta ɗago kai ta ce, "Ɗiyata, mi munka yi miki?"

Na ce, "Ba komai, Inna, likita ce ta ce in rage."

Ta ce, "Likita ta ce ki rage tuwo, ko ta ce ki rage mu?"

Ban sami amsa ba a daren. Inna ba ta jahilci ciwon suga ba, ta je gaisuwar mahaifina, ta san abin da ya kashe shi. Amma a idonta, da idon yawancin matan zamaninta, jikin matar aure takardar shaidar mijinta ce. Idan ta yi ƙiba an ce hankalinta a kwance yake, ɗan wance ya iya riƙo. Idan ta rame sai a fara tambaya a gidan suna: ko kishiya za a yi mata, ko kasuwarsa ta karye, ko wani ciwo ne ake ɓoyewa. Shi ya sa ake tsare amarya a ɗura mata kunu da kaza kafin biki, shi ya sa kuma 'yan mata ke sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, suna kumbura fuska da su suna kiran abin cika. Ramar da nake nema da kuɗina da guminta, a wurin Inna tonon asirin ɗanta ce.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi, wanda sai a hankali ta faɗa mini. Tana sabuwar amarya a wani ƙauye arewa da Gwadabawa aka yi farin 1973, wanda ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi tun daga nan har cikin Nijar da Mali. Ta ga an auna tuwo a lokacin. Uwar mijinta ce ke rabawa da ƙaramin ludayi, manya su haƙura yara su ci. Tun daga shekarar, duk inda ta ga ana auna dafaffen abinci, abu ɗaya take tunawa. Na shigo mata da sikeli gidan da take ganin Allah ya raba ta da wannan har abada.

Kuma ba zan ce tsoronta tarihi ne kawai ba. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata, na san ɗalibai nawa ke zuwa aji ba su karya ba tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da tsadar abinci ta yi ta hawa har ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A cikin garin nan namu akwai asibitin da aka kafa a 1999 musamman don yaran da cutar noma ta ci wa fuska, cutar da ta fi kama ɗan da yunwa ta riga ta raunana. A cibiyoyin tamowa ana zagaya wa yaro wani ɗan tef a damtse, idan bai kai santimita 11.5 ba ya faɗa ja. Ni ma da tef nake auna ƙuguna kowace Juma'a, ina murna idan ya ragu. Wasu kan ce wannan ya isa ya sa mai rage ƙiba ya ji kunya, ni ban yarda ba, domin tuwon da na bari ba ya isa bakin yaron da ke Tangaza, kuma idan na rasa ƙafa babu wanda zai ƙoshi saboda haka. Abin da na lura da shi dai shi ne ramewa da gangan tana da tsada. Kifin Kwalkwalawa da ƙwai da kabeji da kokwamba sun fi garin masara kuɗi nesa ba kusa ba, kuma matar da ke da naira dubu ɗaya da 'ya'ya shida ba za ta cika rabin faranti da ganye ba. Da yawa daga masu teɓar da nake gani a layin asibiti ba daɗi ne ya yi musu yawa ba, sitaci da mai ne kaɗai abin da aljihunsu ke iya saye.

Kwanukan maƙwabta ma sai da na koyi yadda zan yi da su. A layinmu ba a mayar da kwano yadda ya zo, ba a kuma cewa an ƙoshi. Nakan ɗanɗana cokali ɗaya don in iya yaba miyar da gaskiya idan mun haɗu, sauran yara su cinye. A gidan biki kuwa na gano cewa riƙe robar ruwa a hannu da yawan gaisawa suna kare mutum daga rabin tayin da za a yi masa.

Azumi ne ya kawo sassauci tsakanina da Inna, ta hanyar da ban shirya ba. A wajen tafsiri malami ya kawo hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya raba ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Ta dawo tana jujjuya maganar, ta ce ashe awon ciki ba Turawa suka fara shi ba. Ba ta ce na yi daidai ba, kuma ƙosai bai ragu a faifan buɗa-baki ba. Amma ta daina tura mini shi gabana. A watan nauyina bai motsa ba ko da rabin kilo, kamar yadda ya yi ta tsayawa a wasu watannin, duk da ban ƙara loma ɗaya ba.

Bayan Sallah na koma tire. Nakan auna nawa a kicin, inda ba mai gani, in ɗora 'yar malmalata a gefen da zan zauna, in kewaye ta da ganye, sannan a fito da tiren gaba ɗaya. Idan na gama nawa ba na tashi, nakan bar hannuna a bakin tiren ana hira har kowa ya ƙoshi. Wata goma sha ɗaya ke nan yanzu. Nauyina ya sauko zuwa kilo 83, sukarin safe yana tsakanin 98 da 104, gwiwa ta bar ni ina sallah a tsaye. Har yanzu lissafin likita yana sa ni cikin masu teɓa, kuma ta gaya mini cewa riƙe abin da aka rage ya fi rage shi wuya, don jiki yakan yi ta neman komawa inda ya saba.

A watan jiya wata ƙwarya ta fashe a gidan. Na ga Inna zaune a inuwa da wuƙa tana fafe wani ɓangare, tana goge bakinsa a kan dutse, ban tambaye ta ba. Da dare na tarar da sabuwar mara a cikin kwandon kwasar tuwo, ƙarama, ba ta kai rabin tamu ba. Ta ce da babbar 'yata, ba da ni ba, "Wagga ta uwarku ce, kada wanda ya taɓa ta." Da kowa ya kwanta na kwashi tuwo da ita na ɗora a sikeli. Giram 180 ya nuna, talatin sama da abin da aka yarje mini. Na rage shinkafar rana da giram talatin, ita kuma marar da ita nake kwasa tun daga ranar.